Kwalbar da ake fasawa a wajen dina: giya ce ko ruwan inabi?

Duk sanda bukukuwa suka kankama a Katsina, musamman bayan Sallah da ƙarshen shekara, sai wannan gardamar ta dawo. A ɗora bidiyon dina a Facebook ko TikTok: ango ya riƙe doguwar kwalba mai wuya naɗe da takarda ruwan zinare, ya girgiza ta, murfi ya yi tsalle, kumfa ta zubo, abokai suna tafi. Kafin gari ya waye masu sharhi sun rabu biyu. Wasu na cewa an fara shan giya a bainar jama'a a garin Dikko, wasu na cewa ƙauyanci ne ke damun masu surutun, ai lemo ne kawai.

A bikin ɗiyar yayata, a wani zauren taro cikin gari, Gwaggo ta yafito ni da hannu. Ta nuna kwalbar da aka ajiye gabanta ta ce, "Kai, zo nan. Mi ne ne wanga abu? In giya ce ku ɗauke mani ita." Na ce, "Gwaggo, ba giya ba ce, ruwan inabi ne." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To mi ya sa aka sa mashi tufafin giya?"

Ban ba ta amsa ba a ranar, don ban da ita. Ni ba mashayi ba ne, kuma ba malamin fatawa ba ne, amma tambayar ta sa na zauna na bi maganar tun daga gonar inabi har teburin biki.

Abu uku ne ke shigowa cikin kwalba iri ɗaya

Tushen ruɗanin daga harshenmu yake. "Ruwan inabi" a bakin Bahaushe na iya nufin ruwan da aka matse yanzu, yana kuma iya nufin giyar da aka yi da shi. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ma da wannan kalmar take kiran giyar. 'Yan kasuwa kuwa duk doguwar kwalba "wayin" suke ce mata. Alhali abubuwa uku ne mabambanta.

Na farko giyar inabi ce ta ainihi. Sinadarin sa maye a cikinta yakan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100, wasu irin na ƙasar Fotugal da ake ƙara wa ƙarfi su kai 20. Wannan babu gardama a kanta, kuma dokar Shari'a da jihar Katsina ta ɗauka a 2000 ta hana sayar da ita da shan ta.

Na biyu ruwan inabi ne da bai taɓa zama giya ba. An matse, an dafa shi sama-sama don kashe ƙwayoyin da ke sa shi tashi, sannan aka hura masa iskar gas irin ta lemon kwalba. Galibin abin da ake fasawa a bukukuwanmu wannan ne.

Na uku shi ne mai rikitarwa: an yi giyar har ta kammala, sannan aka cire mata sinadarin mayen da na'ura. Wani Bajamushe mai suna Carl Jung ya yi wa dabarar rajista a 1908. Sinadarin yana tafasa a digiri 78, amma in aka zuƙe iskar tukunyar sai ya ƙafe a kusan digiri 30, ƙamshin bai ƙone ba. Sai dai cirewar ba lallai ta zama kakaf ba. A Tarayyar Turai da Amurka doka ta yarda a kira abin sha "marar barasa" muddin abin da ya rage bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Shi ya sa za ka ga wata kwalbar an rubuta 0.5%, wata 0.0%.

Yadda zaƙi ke komawa maye

Babu wani sihiri a ciki. A jikin ɓawon inabi akwai ƙwayoyin yis, dangin wanda ake sa wa ƙullun fanke. Da an matse 'ya'yan, yis ya faɗa wa sukarin da ke ciki ya cinye, ya fitar da abu biyu: sinadarin maye da iskar gas. Hanyar da dawa ke bi ta zama burkutu ke nan, ita ce kuma ruwan da ake tatsa daga itacen kwakwa ke bi ya zama bammi. Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar da cewa ƙwayoyi masu rai ke wannan aikin, kuma zafi na kashe su.

Abin da ya ba ni dariya shi ne asalin kashi na biyun nan da muke sha. Wani likitan haƙori ne a Amurka, Thomas Welch, Kirista ɗan ɗarikar Methodist mai ƙyamar giya, ya ɗauki dabarar Pasteur a 1869 ya dafa ruwan inabi don cocinsu ta daina amfani da giya wajen ibada. Wato masu gudun giya ne suka ƙirƙiro shi tun farko. Ita kuwa kalmar da Turawa ke kiran sinadarin mayen da ita, "alcohol", daga Larabci suka aro ta, "al-kuhl", wato kwalli.

Launi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Ruwan cikin inabi, baƙi ne ko kore, kusan duk fari ne. Ja daga ɓawo yake fitowa in aka bar shi ya jiƙu a ciki. Ka riƙe maganar ɓawon nan, za mu dawo kanta.

Me ya sa ake ta kiran sunayen ƙasashe?

Sana'ar tsohuwa ce. An tono tukwanen ƙasa masu alamar giyar inabi a ƙasar Jojiya da suka kai shekara 8,000. A yau Italiya da Faransa da Sifen ne kan gaba wajen yin ta. Inabin giya ya fi son ƙasashen da ke tsakanin digiri 30 zuwa 50 daga tsakiyar duniya, arewa ko kudu. Katsina tana wajen digiri 13.

Dalilin da ya sa ake damuwa da inda aka noma shi, duk manomi zai gane. Inda ake sanyi, irin Jamus da arewacin Faransa, inabi bai cika nuna ya yi zaƙi ba, sai ya fito da tsami, giyarsa ba ƙarfi sosai. Inda rana ke dukansa, irin kudancin Sifen da Ostireliya da yankin Mendoza na Ajantina, sukari ya yi yawa, giyar ta yi nauyi. Faransawa suna da kalma guda, "teruwa", da ta haɗa ƙasa da ruwa da iska da hannun manomi. Mu ba mu da kalmar, amma mun san abin. Dillalin goro na kallo ɗaya zai gaya maka wannan daushe ne, wancan gandi ne. Mai zuma ya san ta kurmi daban, ta jigawa daban.

Daga nan doka ta shigo. Shamfen sunan yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, kuma a Turai ba a yarda ka kira giyarka da sunan ba sai can aka yi ta. Mai kumfa ta Italiya Prosecco ce, ta Sifen Cava. Kumfar shamfen daga tashi na biyu take, wanda ake yi a cikin kwalbar a rufe, har matsin iskar ya ninka na tayar mota sau biyu zuwa uku. Shi ya sa kwalbar ke da kauri, aka ɗaure murfin da waya. Ga rabin amsar Gwaggo: tufafin suna da aiki a wurin masu su. Masu lemon inabi sun aro su ne don su sayar da kamannin alfarma.

Afirka ma tana cikin labarin. An fara matsar giyar inabi a yankin Kef na Afirka ta Kudu a 1659. Aljeriya kuwa, ƙasar Musulmi, a ƙarshen mulkin mallakar Faransa ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi waje, saboda Turawan da suka ƙwace filaye sun cika su da inabi bayan wani ƙwaro ya cinye gonakin Faransa daga shekarun 1860.

Masu ɗanɗano: gwaninta da ƙarin gishiri

A manyan gidajen abinci na Turai akwai ma'aikacin da ba shi da aiki sai zaɓa wa baƙo abin da zai sha da abincinsa. Yadda suke gwaji: a duba launi, a juya kofi don ƙamshi ya tashi, a shinshina, a kurɓa a wurwura a baki, sannan a tofar a wani kwano. Hanci ne ke yin mafi yawan aikin. Duk wanda mura ta toshe wa hanci ya san miya ba ta da daɗi ranar.

Gwaninta ce ta gaske, amma akwai ƙarya a gefenta. A 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa a Faris, ya ba su giyar ƙasarsu da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalba ba. Ta Kalifoniya ta zo ta ɗaya, a fara da ja duka. A 2001 kuma masu bincike a Bodo, wani birnin Faransa da ya shahara da giyar inabi, suka rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano, suka ba ɗalibai 54 masu koyon sana'ar, sai ga su suna siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Ido ne ya riga harshe. Mu ma haka muke: zuba zobo a kwalba mai zinare a wuya, ka ga yadda za a riƙa kurɓarsa da yanga.

Bauri, tsami, zaƙi: ilimin da ke cikin kicin ɗinmu tuni

Nan ne maganar ta fi yi mani daɗi. Da na bi ƙa'idojin da Turawa ke bi wajen haɗa giya da abinci, sai na ga kaɗan ne daga ciki ya rataya a kan mayen. Yawancinsu magana ce ta bauri da tsami da zaƙi, da yadda suke karo da maiƙo da gishiri da yaji.

Fara da bauri. A ɓawon inabi da ƙwallonsa akwai wani sinadari, tanin, shi ke sa jar giya ta kama baki. Shi ne dai ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, shi ke cikin goro da ganyen shayi da ɗanyen kanya. Aikinsa kama furotin: a fata ya ƙarfafa ta ta zama kirgi, a baki ya kama yawu ka ji harshe ya bushe. To in akwai nama mai kitse a bakin, sai baurin ya sami abin kamawa, ya yi laushi, shi kuma ya share maiƙon. Dalilin ke nan da mutanen Ajantina ke haɗa gasasshen naman sa da jar giyarsu ta Malbec, mutanen Bodo kuma su haɗa tasu da naman rago. Yanzu ka tuna abin da Buzu ke yi bayan an ci balangu: ya hura gawayi ya ɗora ɗan ƙaramin butarsa, ya dafa shayi mai kauri. Ka tuna dattijon da ke ɓantarar goro bayan tuwo da miya mai man shanu. Lissafin ɗaya ne, babu wanda ya aro daga wani.

Sai tsami. Tsami na yanka maiƙo, yana sa yawu ya kawo, loma ta gaba ta zama kamar ta farko. Shi ya sa a bakin tekun Faransa ake cin kifi da farar giya mai tsami, a Italiya kuma taliya mai miyar tumatir ke tafiya da jar giyarsu mai tsami, Chianti, don in abin sha bai kai abinci tsami ba sai ya zama lami. Har shamfen ɗin nan mai tsada, masana sun fi yaba ta da soyayyen abu mai gishiri. Mu kuma fa? Koko da ƙosai. Kunun tsamiya da ƙosai a buɗa-baki. Lemon tsami a kan soyayyen kifi. Ban san wanda ya fara haɗa koko da ƙosai ba, amma ya cancanci a ba shi babbar riga: tsamin gasara, maiƙon suya, yaji a gefe.

Yaji shi ne inda jar giya ke faɗuwa. Maye na ƙara wa barkono zafi, bauri kuma ya ƙara ɗaci, shi ya sa masu sana'ar kan koma ga mai ɗan zaƙi marar ƙarfi, irin Riesling ta Jamus, in abincin Indiya ko na Tailan aka kawo. A nan mun fi su kayan aiki. Sinadarin zafin barkono ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, kuma furotin ɗin madara na wanke shi daga harshe. Wanda kilishi ko yajin tsire ya kama, ya sha randa guda ba zai ji sauƙi ba. Ludayi biyu na kindirmo sun gama magana. Kunun aya mai sanyi ma yana taimakawa, saboda garɗinsa da zaƙinsa.

Zaƙi kuwa ƙa'idarsa ɗaya: abin sha ya fi abin ci zaƙi, ko kuma ya kauce wa gasar gaba ɗaya. Ci alkaki ko nakiya ka bi da zobo, za ka ji zobon ya koma tsami zalla. Shayi ba sukari ya fi dacewa da su. Faransawa na haɗa giya mai zaƙin zuma da cuku mai gishiri. Yaranmu na cin dabino da gyaɗa mai gishiri ba wanda ya koya masu.

A ganina, cikin duk abin shanmu zobo ne ya fi kusa da aikin da jar giya ke yi a teburin Bature. Yana da launin, yana da tsamin, yana da ɗan bauri, ga kanumfari da citta. Laifinmu ɗaya, muna kashe shi da sukari da kayan ƙamshin kanti har ya koma alawa. A rage sukarin, a sanyaya, a ajiye gefen tsire ko farfesun kayan ciki, a ji bambanci. Furen nan da ake nomawa a Jigawa da Kano da nan Katsina, buhu-buhu ake fitar da shi zuwa Meziko, inda suke shan sa da abincinsu mai yaji. A Masar da Sudan karkade ne, a Senegal bisab.

Inda malamai suka haɗu, da inda suka rabu

Kashi na farko, wato giyar ainihi, ba a saɓa ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da nisantarsa, hadisi kuma ya ce duk mai sa maye giya ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Kashi na biyu, ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba, a zatinsa lemo ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha ruwan har kwana uku, abin da ya rage bayan nan a bayar ko a zubar. Ma'aunin dai shi ne kada ya kai ga tashi. Wannan ya shafi kunun zaƙi da zobon da aka manta a ɗaki cikin zafin bazara fiye da yadda ya shafi kwalbar kanti da aka dafa aka rufe.

Kashi na uku, giyar da aka cire wa maye, a kansa ne ake jayayya. Masu halattawa na cewa dalilin hani shi ne maye, kuma ko tulu guda ka sha ba za ka bugu ba. Suna kawo misalin giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, wadda malamai suka ce ta tsarkaka. Shi ya sa ake samun irin waɗannan kwalabe ɗauke da tambarin halal na wasu hukumomi. Masu hanawa na cewa ai sai da aka yi giya da gangan kafin a cire, kuma an tambayi Annabi (SAW) ko a mayar da giya khal ya ce a'a. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya a 2011 wannan ɓangaren ta ɗauka: duk abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen yin sa haramun ne ko an cire mayen, amma lemon da ba don giya aka yi shi ba, in ɗan abin da ke ciki bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya halatta.

Akwai kuma magana ta huɗu, wadda ita ce ainihin ta Gwaggo: kamanceceniya. Ko ruwan rijiyar Kusugu ne a ciki, girgiza kwalba da fesa kumfa da karo da kofuna al'adar mashaya ce. Fesawar ma ba tsohuwa ba ce. Wani direban tseren mota Ba'amurke, Dan Gurney, ya yayata ta a 1967 bayan ya ci gasar Le Mans. Da aka kai tseren motoci Bahrain, sai aka musanya shamfen da abin sha na ruwan wardi, amma aka bar fesawar. Wasu na ganin hakan mafita ce, wasu na ganin an canza ruwa ne aka bar tulun. Ni dai ina ganin masu wannan ƙorafin suna da hujja, ko da yake bai kamata a kira mutum mashayi a intanet saboda siffar kwalba ba. Wannan ƙazafi ne.

Abin da mai biki zai duba kafin ya sayi katan

Gaban kwalba talla ne, gaskiyar tana baya. A nemi adadin da ke gaban alamar %, a nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A jerin kayan haɗi, in an ga ruwan inabi da ruwa da sukari da gas, kashi na biyu ne. In an ga kalmar "dealcoholised", kashi na uku ne. Kayan da suka biyo ta Maraɗi da Jibiya sau da yawa da Faransanci aka rubuta su: "sans alcool" na nufin babu barasa, "désalcoolisé" na nufin an cire, "jus de raisin" ruwan inabi ne zalla. Kwalbar da aka rubuta 5% ko 7% giya ce, komai zaƙinta, komai hoton 'ya'yan itacen da ke jikinta.

Masu cewa ai likitoci sun ce jar giya na gyara zuciya, labarinsu ya tsufa. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa, kuma tun 1988 aka sa ta a sahun farko na abubuwan da ke jawo kansa. Amma marar mayen ma ba magani ba ne. Ruwan inabi zalla na ɗauke da sukari wajen giram 15 a kowane mililita 100, ya ɗara lemon kwalba mai giram 10 zuwa 11. Kwalba mai mililita 750 ta haura giram 100 ke nan. Mai ciwon suga da ya ƙi lemo ya rungumi wannan, ya gudu ne bai tsira ba.

Ga kuma aljihu. Yawancin kwalaben nan ko dai daga waje suke, ko kuma ruwan inabin da aka haɗa su da shi daga waje yake, don haka duk sanda Naira ta faɗi sai kuɗinsu ya tashi. Alhali ana noman inabi a Kudan ta jihar Kaduna, ba nisa da Funtuwa, ana kuma sayar da shi a tire a bakin titi.

Ƙanen amaryar nan zai yi aure bayan Babbar Sallah, an kuma ɗora mani kula da abin sha. Na riga na yi magana da wata mai zobo a Ƙofar Marusa: rabin sukarin da ta saba, kanumfari da citta, ba kayan ƙamshin kanti, a kawo a manyan jug na gilashi a ajiye kusa da masu tsire. Kunun aya zai zauna gefen kilishi, shayi kuma sai an fito da alkaki. Abokan ango sun ce dole a bar masu kwalba ɗaya ta hoto. Na ce su je su nemi izinin Gwaggo, har yau ba wanda ya je.